Sulhun Bersay: takardar da ta kashe wuta ta bar garwashi

Ran Asabar 28 ga watan Yuni 1919, wajen ƙarfe uku na rana, aka shigo da waɗansu Jamusawa biyu cikin zauren madubai na fadar Bersay, kusa da birnin Paris. Sunan ɗaya Hermann Müller, ministan harkokin waje, ɗayan kuwa Johannes Bell. Zauren ya cika maƙil da manyan duniya. Kilemanso, firaministan Faransa, ya sa an kawo sojoji biyar waɗanda harsashi ya lalata wa fuska, aka ajiye su inda kowa zai gan su. Jamusawan nan suka sa hannu a kan takarda mai aya 440, wadda aka rubuta ba tare da an zauna da su ba. Aka buga igwa a waje, jama'a suka yi ta murna, aka ce yaƙin da ya ci sojoji wajen miliyan 9 ya ƙare ke nan.

Shekara 20 da wata biyu bayan wannan rana, sojojin Jamus suka ƙetare iyakar Polan, aka shiga wani yaƙin da ya fi na farko muni nesa ba kusa ba. Tun daga lokacin masana tarihi ke ja-in-ja a kan ko sulhun ne ya haifi yaƙin. Amsar ba mai sauƙi ba ce, kuma mai son fahimtarta sai ya koma baya da shekara 48, cikin wannan zaure na madubai.

Tsohuwar gaba

A shekarar 1870 Faransa ta kara da Furusiya da sauran ƙasashen Jamusawa, ta sha kashi. Ran 18 ga Janairu 1871, sojojin Jamus na kewaye da Paris, Bismak ya tara sarakunan Jamusawa a zauren madubai na Bersay, fadar sarakunan Faransa, a can aka naɗa sarkin Furusiya ya zama sarkin sarakunan Jamus. Bayan haka sulhun Farankfut ya ƙwace wa Faransa lardin Alzas da wani yanki na Loren, ya kuma aza mata diyyar faran miliyar 5, wato miliyan dubu biyar, da sharaɗin sojojin Jamus ba za su bar ƙasar ba sai an biya. Faransawa suka ɗaure ciki suka biya kafin wa'adi, a 1873. Kuɗin sun biya, amma wulaƙancin bai fita daga zukatansu ba. Kilemanso yana cikin ƴan majalisar da suka ƙi yarda da sallama Alzas a 1871, yana saurayi. A 1919 yana da shekara 77. Shi ya sa aka buɗe taron sulhu ran 18 ga Janairu, aka kuma zaɓi zauren nan don sa hannu. Ba a yi ko ɗaya bisa kuskure ba.

Faransa kuwa tana da dalilin fushi wanda ya wuce tsohon miki. Ta rasa sojoji wajen miliyan 1 da dubu 400. A ƙasarta aka yi mafi yawan faɗan yamma, shekara huɗu cur, har lardunanta na arewa da gabas, inda masaƙu da ramukan gawayin ƙasa suke, suka koma kufai. Da sojojin Jamus za su ja da baya a 1918, sun cika ramukan gawayin da ruwa, sun farfasa injuna. Masana'antun Jamus kuwa suna nan tsaye, ba abin da ya taɓa su. Ga shi Faransawa ba su wuce miliyan 40 ba, Jamusawa sun haura miliyan 60. Tambayar da ke hana Kilemanso barci ita ce, in yaran da aka haifa yau suka isa ɗaukar bindiga, wa zai tare su?

Haka kuma Jamus ba ta da bakin yin kuka sosai game da tsananin sulhu. A watan Maris 1918, lokacin da take ganin nasara a hannunta, ta tilasta wa Rasha sulhun Brest-Litovsk, wanda ya raba Rasha da kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanenta da mafi yawan gawayinta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kayen da ba a gani da ido ba

Tushen masifar yana cikin yadda yaƙin ya ƙare. A ƙarshen Satumba 1918 janar Ludendorff, wanda ke riƙe da ragamar sojan Jamus tare da Hindenburg, ya shaida wa sarki cewa ba sauran dabara, a nemi tsagaita wuta da gaggawa. Amma janar-janar ɗin suka janye jiki, suka bar wa farar hula ɗaukar kunyar. Sarki Wilhelm na biyu ya sauka ran 9 ga Nuwamba ya gudu Holan, aka kafa jamhuriya. Ran 11 ga Nuwamba wani ɗan majalisa, Matthias Erzberger, shi ya sa hannu a gaban marishal Fosh, cikin wani taragon jirgin ƙasa a dajin Kompiyen.

A ranar nan sojojin Jamus suna cikin Faransa da Beljik. Talakan Jamus bai ga abokin gaba a ƙofar gidansa ba, kuma shekara huɗu jaridu na gaya masa nasara ta kusa. Sojoji suka komo gida a jere, da tutocinsu da kaɗe-kaɗe. Shi kansa Ebert, shugaban sabuwar gwamnati, da ya tarye su a Barlin a watan Disamba, ya gaya musu ba wani abokin gaba da ya rinjaye su. Da nufin lallashi ya faɗa, amma maganar ta zama guba. Bayan shekara ɗaya Hindenburg ya tsaya gaban kwamitin majalisa ya ce daga baya aka soki sojan Jamus da wuƙa. Ƙarya ce, ya kuma san ƙarya ce, sai dai ta yi wa mutane daɗin ji. Daga nan aka fara nuna ƴan gurguzu da ƴan jamhuriya da Yahudawa da yatsa, ana cewa su suka ci amanar ƙasa. A 1921 aka harbe Erzberger har lahira. A 1922 aka harbe Walther Rathenau, ministan harkokin waje, a kan titin Barlin.

Uku a ɗaki, kowa da nufinsa

Ƙasashe wajen 30 suka zo taron Paris, amma mutum uku ne suka yanke manyan shawarwari. Wilson, shugaban Amurka, ya zo da ƙa'idodinsa 14 da ya bayyana tun Janairu 1918, waɗanda suka yi alkawarin sulhu na adalci da haƙƙin kowace al'umma ta zaɓi makomarta. Da waɗannan ƙa'idodi Jamusawa suka dogara lokacin da suka ajiye makamai. Kilemanso tsaron ƙasarsa kaɗai ke gabansa. Loyid Joj na Ingila yana tsakani: ya ci zaɓe a Disamba 1918 cikin ihun sai Jamus ta biya, amma a ransa yana son Jamus ta farfaɗo ta ci gaba da sayen kayan Ingila. A watan Maris 1919 ya rubuta wa abokan aikinsa gargaɗi cewa in aka sa Jamusawa da yawa ƙarƙashin mulkin ƙananan ƙasashe, an shuka wani yaƙin. Aka karanta, aka gyara kaɗan, aka wuce.

Fosh ya so a ɓalle dukkan ƙasar da ke yamma da kogin Rin daga jikin Jamus. Wilson da Loyid Joj suka ƙi. A madadin haka suka yi wa Kilemanso alkawari a rubuce cewa in Jamus ta sake kawo hari, Amurka da Ingila za su kawo wa Faransa gudummawa. Ya yarda. Mai karatu ya riƙe wannan alkawari, za a komo kansa.

Ba a kira Jamusawa ba sai da aka gama. Ran 7 ga Mayu aka miƙa musu takardar, aka ce in suna da magana su rubuto, ba zama gaba da gaba. Duk wannan lokaci jiragen ruwan Ingila ba su sake hanyar teku gaba ɗaya ba, yunwa na cin yara a biranen Jamus. Shugaban gwamnati Scheidemann ya gwammace ya sauka da ya sa hannu. Ran 21 ga Yuni matuƙan jiragen yaƙin Jamus da ake tsare da su a Scapa Flow, arewacin Birtaniya, suka nutsar da jirage 52 da hannunsu don kada a raba su ganima. Da aka ba Jamus wa'adin ƙarshe, ko sa hannu ko a ci gaba da yaƙi, manyan soja suka ce ba za su iya ba. Majalisa ta sunkuyar da kai.

Abin da takardar ta ƙunsa

Jamus ta rasa wajen kashi 13 cikin ɗari na ƙasarta a Turai da kashi 10 na mutanenta. Alzas da Loren suka koma Faransa. Beljik da Danmak suka sami ƴan yankuna. Yankin Sar mai gawayi aka ɗora shi a hannun sabuwar Ƙungiyar Al'ummai, wadda ta riga Majalisar Ɗinkin Duniya, har shekara 15, ramukan gawayinsa kuwa aka ba Faransa. Wanda ya fi yi wa Jamusawa ciwo shi ne na gabas: an ba sabuwar ƙasar Polan wani zirin ƙasa zuwa teku, wanda ya raba Furusiya ta Gabas da sauran Jamus, aka kuma mai da Danzig, birnin da kusan dukkan mutanensa Jamusawa ne, birni mai zaman kansa. Aka hana Ostiriya haɗewa da Jamus, alhali majalisarta ta nemi haka. Ƙa'idar Wilson ta yi aiki ga Polawa da Cekawa, ta tsallake Jamusawa, kuma sun lura.

Aka ƙayyade sojan ƙasa kada su wuce dubu 100, na ruwa dubu 15. Ba tilasta wa samari shiga soja, ba tankar yaƙi, ba jirgin sama na yaƙi, ba jirgin ƙarƙashin ruwa. Yammacin kogin Rin da kilomita 50 a gabashinsa, an haramta wa sojan Jamus taka shi, sojojin masu nasara kuwa za su zauna a can har shekara 15.

Sai aya ta 231, wadda ta ɗora wa Jamus da ƙawayenta alhakin hasarar da yaƙin ya jawo. Lauyoyin da suka tsara ta, Amurkawa ne, nufinsu kafa hujjar biyan diyya kurum, kuma an sa irinta cikin sulhun Ostiriya da na Hungari ba a yi wani tashin hankali ba. Jamusawa dai sun karanta ta a matsayin hukunci cewa su kaɗai ne masu laifi, kuma mutumin da ya binne ƴaƴansa cikin sojoji miliyan 2 da Jamus ta rasa ba ya karɓar wannan. Ba wata aya da aka tsana kamarta.

Diyyar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Takardar ta lissafta har dabbobi: a kai wa Faransa shanun tatsa dubu 90, da tumaki dubu 100, da awaki dubu 10, a kai wa Beljik shanun tatsa dubu 50, a maimakon waɗanda sojojin Jamus suka kwashe. Makiyayi zai gane adalcin wannan, zai kuma gane yadda uwar da ba ta da madarar ba jariri a Barlin za ta ji labarin.

Aya ta 119 ta raba Jamus da dukkan ƙasashen da take mulka a ƙetare. Togo ta faɗi tun Agusta 1914, Garwa a 1915, dutsen Mora bai miƙa wuya ba sai Fabrairu 1916. Faransa da Ingila suka raba Kamaru da Togo, Ingila ta ɗauki Tanganyika, Beljik ta ɗauki Ruwanda da Burundi. Fataken Hausawa na zangunan Garwa da Ngaundere da Lome sun wayi gari da sabon Bature, da sabon kuɗi, da sabuwar iyaka. Ba wanda ya tambaye su, su da sauran mutanen ƙasashen, duk da maganar haƙƙin al'ummai da ta cika Paris.

Gari ya waye ba mai gadi

Tun tawadar ba ta bushe ba aka fara sukar sulhun ta fuska biyu. Keynes, masanin tattalin arzikin Ingila wanda ya bar taron cikin fushi, ya fitar da littafi a ƙarshen 1919 yana cewa diyyar za ta durƙusar da Turai baki ɗaya. Littafin ya karɓu ƙwarai, ya sa Ingilishi da yawa jin kunyar abin da aka yi. A Faransa kuwa Jacques Bainville ya rubuta a 1920 cewa an fusata Jamus amma an bar ta ɗunkule da ƙarfinta. Fosh ma ra'ayinsa ke nan, shi ya sa bai halarci bikin sa hannu ba. Abin mamaki, dukkansu biyu suna da gaskiya. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Dubi taswira. Kafin 1914 Jamus tana iyaka da manyan dauloli uku: Faransa, Rasha, da daular Ostiriya da Hungari. Bayan 1919 daular Ostiriya ta wargaje, Rasha ta ja baya tana fama da juyin juya hali, gabashin Jamus ya cika da ƙananan ƙasashe sababbi masu gaba da juna. Ƙasar da aka ce an karya, in ta murmure, ba mai tare ta ta gabas.

Sai kuma babban gibi ya buɗe. Majalisar dattawan Amurka ta ƙi amincewa da sulhun, a Nuwamba 1919 da kuma Maris 1920. Amurka ba ta shiga Ƙungiyar Al'ummai ba, alkawarin nan da aka yi wa Kilemanso ya bi ruwa, Ingila ma ta ce tun da Amurka ta fita nata alkawarin ya faɗi. Faransa ta saki kogin Rin, ba ta kama komai ba. Takarda mai tsanani tana bukatar mai gadi na shekara da shekaru, ga shi mai gadin ya rage ɗaya, shi ma a gajiye.

Sojan Jamus ba su ɓata lokaci ba. Bayan yarjejeniyar Rapallo ta 1922 suka ƙulla hulɗa ta asiri da Tarayyar Sobiyet, suka buɗe makarantar matuƙan jiragen sama a Lipetsk da ta tankoki kusa da Kazan, nesa da idon masu bincike.

Diyya da shekarar 1923

A 1921 aka yanke jimillar diyya: mark na zinariya miliyar 132. Lambar ta girgiza Jamus. Abin da ba a gaya wa talaka ba, a Jamus ko a Faransa, shi ne an kasa bashin kashi uku, kuma kashi na uku, miliyar 82, masu tsara shi sun san ba za a taɓa karɓarsa ba. An rubuta shi ne don kwantar da hankalin masu zaɓe a Paris da Landan. Bashin gaske miliyar 50 ne. Wannan wayo ya yi mummunan tasiri: Bafaranshe yana jiran kuɗin da ba za su zo ba, Bajamushe yana kuka da nauyin da ba a aza masa ba.

A ƙarshen 1922 Jamus ta gaza kawo katako da sandunan wayar tangaraho da gawayin da aka yanka mata. Ran 11 ga Janairu 1923 Poincaré ya tura sojan Faransa, tare da na Beljik, suka mamaye Rur, cibiyar ƙarfe da gawayin Jamus. Gwamnatin Barlin ta ce ma'aikata su naɗe hannu, ita za ta biya su. Ba ta da kuɗin, sai ta sa injunan buga takardar kuɗi aiki dare da rana. Darajar mark dama tana zubewa tun lokacin yaƙi, domin da rance aka yi yaƙin, ana sa ran wanda aka ci shi zai biya. Yanzu sai ta rushe ɗungum. Kafin yaƙi dalar Amurka ɗaya mark 4 ne da ƴan kai. A Nuwamba 1923 ta kai mark miliyar 4.200. Burodi ɗaya ya kai wajen miliyar 200. Ana biyan ma'aikaci da safe ya ruga kasuwa kafin kuɗin su mutu da rana. Malamin makaranta, da ma'aikacin gwamnati, da tsohuwar da ta tara ajiya shekara talatin, duk suka tashi ba ko anini. Irin waɗannan mutane, masu natsuwa da son doka, su ne ginshiƙin kowace jamhuriya, kuma daga shekarar nan ba su sake amincewa da tasu ba.

A cikin wannan hargitsi wani tsohon kofur mai suna Adolf Hitila ya yi yunƙurin juyin mulki a Munik, ran 8 da 9 ga Nuwamba 1923. Ƴan sanda suka tarwatsa su. Aka yanke masa shekara 5, bai cika shekara ɗaya ba aka sake shi.

Akwai wani ɓangare na zaman sojoji a Rin da ya shafi Afirka kai tsaye. Faransa ta kwashi samari wajen dubu 200 daga Afirka ta Yamma a yaƙin farko, kuma cikin rundunar da ta girke a Rin akwai ƴan Afirka ta Arewa, da ƴan Madagaska, da baƙaƙen sojojin da ake kira ƴan Senegal ko daga ina suka fito. Masu tsattsauran ra'ayi a Jamus suka mai da wannan abin farfaganda, da hotuna da ƙarairayi na ƙazafi, suna cewa an kawo baƙar fata ne don a tozarta su. Ƙiyayyar ta kwanta, ba ta mutu ba. A 1937 gwamnatin Hitila ta tattara ɗaruruwan yaran da sojojin nan suka haifa da matan Jamus, aka yi musu aikin hana haihuwa a asirce.

Shekarun sauƙi

Wanda ya ce sulhun Bersay ne kaɗai ya kawo Hitila, sai ya yi bayanin shekarun 1924 zuwa 1929. Shirin Dawes ya sassauta biyan diyya a 1924, kuɗin rance suka kwararo daga Amurka. A Lokarno, a 1925, Stresemann na Jamus da Briand na Faransa suka amince da iyakar da ke tsakaninsu, wannan karo da yardar kowa. Jamus ta shiga Ƙungiyar Al'ummai a 1926. A zaɓen 1928 jam'iyyar Hitila, duk da ihun da take yi a kan Bersay, kashi 2,6 cikin ɗari ta samu, kujera 12. Takardar tana nan da ayoyinta, amma mai aiki da abinci ba ya sauraron mai ihu.

Sai dai ginin a kan rairayi yake. Amurka na ba Jamus rance, Jamus na biyan Faransa da Ingila diyya, su kuma suna biyan Amurka bashin yaƙi. Stresemann ya rasu ran 3 ga Oktoba 1929. Kafin watan ya ƙare kasuwar hannun jari ta Niyok ta faɗi, masu rance suka nemi kuɗinsu. Gwamnatin Brüning ta rage albashi ta ƙara haraji, wani ɓangare don ta nuna wa duniya Jamus ba ta iya biyan diyya. A farkon 1932 marasa aiki sun kai miliyan 6. Jam'iyyar Hitila ta tashi zuwa kashi 18 a Satumba 1930, sannan kashi 37 a Yuli 1932.

A lura da jerin kwanakin. Sojojin Faransa sun bar Rin a ƙarshen Yuni 1930, shekara biyar kafin wa'adi. Taron Lozan ya yafe kusan dukkan diyya a Yuli 1932, bayan Jamus ta biya wajen miliyar 20 kacal. Ashe lokacin da Hindenburg ya naɗa Hitila shugaban gwamnati, ran 30 ga Janairu 1933, mafi nauyin kayan an riga an sauke shi. Sassaucin ya zo, amma a makare, guntu-guntu, bayan an ja rai, ta yadda ƴan jamhuriyar da suka roƙe shi ba su ci ribarsa ba. Yunwa ce ta tara wa Hitila jama'a, Bersay kuwa ta ba shi abin da zai gaya musu: ga wanda ya cuce ku a waje, ga wanda ya sayar da ku a gida.

Aya bayan aya

Abin da aka hana masu lallami, sai aka bar wa mai barazana. A Oktoba 1933 Hitila ya fitar da Jamus daga Ƙungiyar Al'ummai. A Maris 1935 ya maido da shiga soja dole, ya bayyana rundunar sama. Bayan wata uku Ingila ta ƙulla yarjejeniyar jiragen ruwa da shi ba ta shawarci Faransa ba. Ran 7 ga Maris 1936 ya tura sojoji yankin Rin, ba wanda ya motsa. A Maris 1938 ya haɗiye Ostiriya. A Satumba, a Munik, Chamberlain da Daladier suka miƙa masa yankin Sudet na Cekoslobakiya, mai Jamusawa wajen miliyan 3.

A nan sulhun ya yi ɓarnarsa ta biyu. Ban da tsoron wani yaƙi, shugabannin Ingila da jama'arsu sun daɗe da yarda cewa an zalunci Jamus a 1919, don haka kowane mataki na Hitila sai su ga kamar mai haƙƙi ne ke karɓar haƙƙinsa. Ba su farka ba sai Maris 1939, da ya shiga Firag, birnin da ba na Jamusawa ba, wanda Bersay ba ta ƙwace wa Jamus ba. Nufinsa, kamar yadda ya rubuta tun yana kurkuku, mallakar ƙasashen gabas ne da kawar da waɗanda ya ƙi jini. Gyaran sulhu mayafi ne kawai. Ya ƙulla da Stalin ran 23 ga Agusta, ran 1 ga Satumba 1939 igwar farko ta tashi a Danzig.

Faransa ta faɗi cikin mako shida a 1940. A kwanakin nan sojojin Jamus suka riƙa ware baƙaƙen sojojin da suka kama suna harbewa. A Airaines suka kashe kyaftin Charles N'Tchoréré, haifaffen Gabon, ran 7 ga Yuni. A Chasselay, kusa da Liyon, suka yi wa wata ƙungiya kisan gilla ran 19 da 20 ga watan. Masana sun ƙiyasta waɗanda aka kashe haka tsakanin 1.500 da 3.000. Hitila kuwa ya sa aka fasa bangon gidan tarihi na Kompiyen, aka jawo taragon 1918 zuwa daidai inda ya tsaya a da, ya zauna a kujerar Fosh. A ciki Faransawa suka sa hannu ran 22 ga Yuni 1940. Ramuwar gayya, in ji masu magana, ta fi ta gayya zafi.

Bayan 1945

Yaƙi na biyu ya ci rayuka fiye da miliyan 50. Abin da aka yi wa Jamus bayansa ya fi na Bersay tsanani ta kowace fuska: miƙa wuya ba sharaɗi, mamaye ƙasar baki ɗaya, yanke kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata, korar miliyoyin Jamusawa daga gabas, raba abin da ya rage gida biyu. Duk da haka ba a yi na uku ba. Wannan karo kowane Bajamushe ya ga kayen da idonsa a kan kufan garinsu, kuma manyan soja ne da kansu suka sa hannu, ba wanda zai ce an soke shi ta baya. Masu nasara ba su tattara kayansu sun tafi ba. Tsoron Tarayyar Sobiyet kuma ya sa ƙasashen yamma suka ja Jamus ta Yamma a jiki: shirin Marshall daga 1948, shawarar Robert Schuman ta 9 ga Mayu 1950 ta haɗa gawayi da ƙarfen Faransa da Jamus ƙarƙashin hukuma ɗaya, sai yarjejeniyar Landan ta 1953 wadda ta yafe wajen rabin bashin Jamus. Gawayin nan na Rur da aka yi ta rikici a kansa a 1923, shi ya zama harsashin Tarayyar Turai. Janar Dagol da Adenauer suka sa hannu a kan yarjejeniyar abota ran 22 ga Janairu 1963.

Yarjejeniyar Landan ta jingine wani kaso na ruwan rancen da Jamus ta ci a zamanin Dawes da Young don biyan diyya, aka ce sai ranar da ƙasar ta sake haɗewa. A lokacin kaɗan ne suka zaci ranar za ta zo. Ta zo ran 3 ga Oktoba 1990, aka buɗe tsohon littafin bashi, Jamus ta ci gaba da biya har shekara 20. Kason ƙarshe, wajen yuro miliyan 70, an biya shi ran 3 ga Oktoba 2010, shekara 91 bayan Müller da Bell sun fita daga zauren madubai.